Kwamfutar Auta Ta Rasu da Mutum Huɗu a Cikinta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Tsohon Direba, mai gidan ƙarshen layi mai baƙin get, shi da maiɗakinsa Inna, suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta da tsofaffin abokan aiki na gareji rasuwar kwamfutar gidansu. Ta rasu ranar Talata bayan la'asar, a kan teburinta, a ɗakin da ta zauna tun zuwanta, bayan doguwar jinya. Mutum biyu ne a kanta lokacin da ta cika.

Tsohon Direba ya san ƙarfe ba shi da rai. Ba ya neman kowa ya yi wa ƙarfe addu'a, kuma wanda ya taho da niyyar yi masa wa'azi a kan haka ya ajiye wa'azinsa a bakin get. Sanarwa kawai yake yi, don mutanen layi sun saba jin ƙugin marigayiya ta taga, kuma tun da shiru ya sauka aka fara tambaya.

Marigayiya ba a gidan ta fara rayuwa ba. Auta ce ta kawo ta, ƙaramar 'yarsu, lokacin tana aiki a shagon buga takardu. Shagon ya yi sababbin injuna ya fitar da tsofaffi, Auta ta roƙi wannan aka bar mata. Farin akwati ne da shekaru suka mayar rawaya-rawaya, da allo mai ƙatuwar ƙeya kamar tsohuwar talabijin. Ranar da aka shigo da ita Tsohon Direba ya ce gidansa ba bola ba ne. Auta ta ce ai shi ma tsohon yayi ne, ba a dai fitar da shi ba. Ita kaɗai ce a gidan take faɗa masa irin wannan ta kwana lafiya.

A cikin marigayiya akwai wasa guda, tsoho, wanda ya zo a faifai uku. Labarin waɗansu matafiya huɗu ne da za su ratsa ƙasa a ƙafa, da takubba da kwalaben magani, har su kai wata ƙofa a ƙarshen duniya. Mai wasa ne yake ƙera mutanen da kansa ya raɗa musu suna. Auta ta ƙera ƙaton jarumi ta sa masa Baba. Ta ƙera mai magani ta sa mata Inna. Ɓarawon tawagar, mai buɗe kwaɗo da kwance tarko, ta sa masa Yaya, wato babban wanta, wanda har yau duk gidan da haka ake kiransa, kuma har yau bai yafe zaɓin ba. Ta huɗu 'yar siririya ce mai doguwar riga, mai jifa da wuta daga tafin hannu. Wannan ta ba ta sunan kanta.

Shekarar da ciwo ya dawo da Auta gida ya zaunar da ita, wasan ne abokin hirarta. Tsohon Direba yakan wuce ta ƙofar ɗakin ya yi tsaki. Takan kira shi ya zo ya ga kansa ya maƙale a ƙofa, shi kuma ya ce yana da abin yi. Wani lokaci dai yakan tsaya kaɗan a bayanta, hannu goye a baya, yana gyara mata hanya alhali bai san inda za ta ba. Auta ba ta ga ƙarshen shekarar ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Mai addu'a a bakinsa, ga inda zai kai ta.

Aka rufe kwamfutar da zane. Da watanni suka ja, Inna ta ce a ba wani ya amfana. Tsohon Direba ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan babbar mota, bai taɓa miƙa wa wani mota ba sai ya tashe ta ya ji inji, don haka ya yaye zanen ya danna. Ta ce ɗiit. Ta yi gurnani, ta yi ƙugi, allo ya waye. Ya bi inda ya saba ganin Auta tana dannawa, sai ga su nan su huɗu a tsakar wani masauki a gefen gada, da yamma, fitila na ci a bakin ƙofa. Suna tsaye suna numfashi, kafaɗunsu na hawa da sauka. Ya kai kibiyar linzamin kwamfutar kan 'yar siririyar ya taɓa ta. Ta juyo ta yi magana.

Da harshen waje ta yi, wanda Tsohon Direba bai san komai a cikinsa ba sai abin da ake rubutawa a allon hanya. Ya aika aka kira Yaya. Yaya ya ce cewa take yi, "Ina nan, ina za mu?" Ya nuna masa wani ɗan rubutu a kusurwa mai ɗauke da rana da wata, ya ce ranar ƙarshe ke nan da Auta ta zauna a kujerar, nan ta ajiye tafiyarta ta tashi. Sannan ya ja masa kunne. Ya ce wasan nan gurbin ajiya ɗaya tak gare shi. In Baba ya yi tafiya ya ajiye tasa, ta Auta za ta goge, da ranar da komai, kuma ba za a sake farkawa a masaukin ba. Tsohon Direba ya ce ya ji. Ba a ba kowa kwamfutar ba.

Daga ranar ya kafa wa kansa doka biyu. Ba zai ajiye komai a kan ajiyar Auta ba. Kuma zai kai su ƙofar nan su huɗu, babu wanda ya faɗi a hanya. Ke nan duk tafiyar da ya yi, da an kashe kwamfuta ta tashi a banza, gobe daga masauki za a sake ɗauka. Yaya ya ce wannan ai horon kai ne. An taɓa kawo mai gyara don ya kwafe ajiyar a wani wuri, sai ya ce dole ya ciro rumbun kwamfutar, inda ajiyar take, kuma rumbu mai waɗannan shekaru in an ciro shi ba lalle ya sake farkawa ba. Tsohon Direba ya raka shi get. Abokan gareji da labari ya kai musu suka ce tsufa ya mayar da shi yaro, suka riƙa tambayarsa ko ya ci kofi. Ya daina zuwa zama da su na wani lokaci, daga baya ya koma, ba a sake tada maganar ba.

A nan ya kamata a faɗi halin marigayiya. Mai haƙuri ce. Tana da nauyin tashi, sai mutum ya danna ta ya je ya yi wanka ya dawo kafin ta gama buɗe ido, amma ba ta taɓa ƙin tashi ba sai a ƙarshe. Ba ta da yawan magana. Ɗiit da safe, gurr-gurr in tana tunani, sai dogon huuu na fankarta da yake cika ɗakin har mutum ya daina jinsa. An zage ta ba ta rama ba. An buga teburinta. An kashe ta cikin fushi, ba bisa ƙa'ida ba, fiye da yadda inji zai ɗauka, washegari ta ce ɗiit kamar ba a yi ba.

Ba a tona aibin mamaci, kuma ba za a tona ba. Amma lodin da aka ɗora mata daban yake, kuma direba yana da ikon faɗin aibin lodi. Waɗanda suka ƙera wasan nan, in suna raye, ya kamata su ji.

Jarumin da ake ce wa Baba yana riƙe da takobin da ya kusa kai tsawonsa. Sai ɓera ya tsaya a gabansa, a fili, ko motsi ba ya yi, jarumi ya ɗaga takobi ya sari iska. Ya sake, ya sari iska. Ɓeran ya cije shi. Mutum ya zauna yana kallon ƙato yana zubar da jini a hannun ɓera a ɗakin hatsi. In ana son ya ƙara ƙarfi kuwa, sai a yini a daji ɗaya ana kashe kyarketai iri ɗaya, a fita a shigo su sake tsirowa, kamar mai share ƙofar gida ranar iska. Auta kuma ta zuba duk rabon jarumin a damtse ba ta bar masa komai a harshe ba, don haka in ya je gaban mai gadi ko ɗan kasuwa ba ya iya lallashi, ba ya iya ciniki. Amsa biyu ake ba shi ya zaɓa, dukansu gajeru, ɗaya ta faɗa ce. Da Yaya ya bayyana wa Inna wannan, sai ta ce yarinyar abin da ta gani ta zana.

Ga maganar ƙofa. Jarumin in ya shiga bakin ƙofa sai ya tsaya cak ya cika ta, shi bai matsa ba, na baya ba su wuce ba. A nuna musu ɗakin da ke gabansu, taku kaɗan, sai ɓarawo ya juya ya fice gari ya zaga ta bayan katanga, ta cikin daji, wai yana neman wata hanya. Tsohon Direba ya yi aiki da yaran mota iri-iri, har da wanda ya taɓa ɗaure taya da hannu ya ce ya gama, bai taɓa ganin marasa kan gado irin waɗannan ba.

Lodi ma haka. Jarumi zai ɗauki sulken ƙarfe a kan sulken ƙarfe, da gatari da tukunya, yana tafiya garau. A ƙara masa cokali ɗaya, sai ya kafe kamar an dasa shi. Mota in lodi ya yi mata yawa tana gaya maka tun da wuri, sifirin ya kwanta, taya ta baje, inji ya sauya murya. Wannan babu gargaɗi. Sai mutum ya tsaya a tsakiyar daji yana zazzage jaka yana tunanin me zai yar. Abin da ya yar kuwa, wani tsohon makulli mai tsatsa ko guntun ƙashi, shi za a tambaye shi a wani gari can gaba, a ce in babu shi ba a wucewa.

Taswirar maƙaryaciya ce, tana nuna hanya inda dutse yake. A tsakiyar gada sai komai ya tsaya a ce a sa faifai na biyu. A sa, a tuna an manta abu a baya, a juya, a ce a sa na ɗaya. Rubutu kuwa sai ya cika allo fal, mutum ɗaya yana magana kamar ba zai gama ba. Tsohon Direba ba ya karanta shi. Ya haddace amsoshi da tsawonsu da inda suke zama, yadda ya haddace ramukan hanya, ya san wadda ke kawo faɗa da wadda ke buɗe get.

Mutanen garuruwan kowa an kafe shi a wuri ɗaya da magana ɗaya. Akwai wani tsoho a bakin rijiya da yake cewa ɗansa ya shiga kogo bai dawo ba. An shiga kogon, an samo ɗan, an rako shi har gida, ga shi tsaye kafaɗa da kafaɗa da uban, uban yana nan yana cewa ɗansa bai dawo ba. A taɓa shi sau goma, sau goma zai faɗa. Yaya ya ce kuskuren masu ƙira ne, sun manta su sauya masa magana. Tsohon Direba ya daina bi ta rijiyar.

Amma babban laifin, wanda ba zai yafe ba, shi ne yadda suka yi mai jifa da wuta. Ba su ba ta jiki ba. Kibiya ɗaya tana kayar da ita. Wutarta jifa kaɗan ne ta ƙare sai an kwana, kuma da ta ƙare, maimakon ta ja baya, sai ta zaro wata 'yar wuƙa kamar ta yankan albasa ta ruga gaban dodon da ya fi ɗaki tsawo. Ba a aike ta ba. A kira ta ta dawo, a ɗauke ido, ta sake rugawa. Kuma a wasan nan wanda ya faɗi ya faɗi, mai magani ba ta tayar da shi, hoton fuskarsa a gefen allo sai ya koma ruwan toka. Kafin nata ya koma takan yi wani ɗan sauti, gajere, kamar wadda aka taka wa ƙafa tana jin kunyar ihu. Tsohon Direba ba ya jira ya ga tokar. Da ya ji sautin, hannunsa ya riga ya kai makunni. Ya kashe, ya zauna da baƙin allo a gabansa, ya sake kunnawa, su farka a masauki, ya taɓa ta ta ce tana nan.

Ba zai faɗi sau nawa ba. Bai ƙirga ba.

A hankali ya koyi hanyar yadda ya koyi kowace hanya, da wahala da maimaici. Ya san inda tarko yake a kogon gishiri, ya san kwanar da 'yan fashi suke fitowa. Ya tara kwalaben magani duka a jakar 'yar siririyar. Har aibin jarumi ya mayar abin amfani. In faɗa ya taso sai ya tura ta cikin ɗaki, ya kafe Baba a bakin ƙofa ya cika ta, ta yi ta kai-kawo a bayansa da 'yar wuƙarta tana neman mafita, ba ta samu. Shi yake shan saran.

Tafiyar ta fi ƙarfin yini ɗaya, don haka sai a bar marigayiya a kunne kwana da kwanaki. Wuta ta ɗauke, a koma masauki. Wata rana yana da nisa sosai Inna ta sa aka kashe babban makunnin gida don a gyara fitilar kicin, ba ta gaya masa ba. Sun jima suna gaisawa ta bakin Yaya. Shi Yayan ne ya gaji da zama ɗan aike ya kawo batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke.

Inna ba ta shiga ɗakin. In an bar matafiyan a tsaye ba a taɓa su ba sukan yi magana da kansu, jarumi ya yi gyaran murya, ɓarawo ya yi fito, 'yar siririyar ta yi hamma ta ce wani abu da Yaya ya fassara da, "Mun daɗe a nan." Da rana tsaka, gida tsit, Inna tana kicin sai ta jiyo wannan ta bango. Takan ajiye abin da ke hannunta ta fita tsakar gida. Muryar ba ta Auta ba ce, ko kama ba su yi ba, ta wata mata ce a wata ƙasa da aka sa ta faɗa. Tsohon Direba ya san haka. Sai dai da shekaru suka tafi ya lura in ya nemi muryar 'yarsa a kansa, wannan ce take fara zuwa, sai ya ture ta kafin ya samu ta gaskiyar, wani lokaci ma ba ya samu. Bai taɓa gaya wa Inna ba, sai yanzu da za a karanta mata wannan.

Ciwon ajali ya fara da mantuwa. Marigayiya ta daina riƙe kwanan wata, kullum ta farka sai ta ɗauka wata shekara ce can baya, tun kafin a kawo ta gidan. Sai fanka ta fara tari. Sai warin ƙura mai zafi. Layuka suka fara ratsa allo, fuskokin matafiyan suna rawa. Daga baya wani sauti ya fito daga can ciki, ƙas, shiru, ƙas. Mai gyara ya kara kunne ya ce rumbun ne, kwanansa ya ƙare, yau ko gobe. Ba sai an gaya wa direba ba. Ya san kukan injin da ke shirin bugawa.

Ya shirya tafiyar ƙarshe. Ya kwance murfin gefenta don ta sha iska, ya kafa mata fankar tsaye, ya cika batir. Da safiyar Alhamis suka bar masauki. Suka haye gada, suka wuce kogon gishiri, suka ratsa fadama. Abinci a bakin ƙofar ɗaki ake ajiye masa. Ran Lahadi suka wuce wata rusasshiyar hasumiya, iyakar inda ya taɓa kaiwa ke nan a duk shekarun. Gaba da nan ƙasa ce fara fat, babu gari, babu mai magana, sai kukan iska. Ya tafi da su yadda ake tuƙi a baƙuwar hanya cikin ruwan sama, taku kaɗan a tsaya, ɓarawo ya duba ƙasa, a ƙara. Akwai inda jinin 'yar siririyar ya sauka saura ƙiris, hannunsa har ya tashi zuwa makunni, mai magani ta riske ta.

Ran Talata da azahar wuta ta ɗauke. Batir yana riƙe kwamfuta, ba ya riƙe fankar tsaye. Zafi ya fara tasowa daga cikin marigayiya, ƙas ɗin nan ya fara bin juna kusa-kusa. Tsohon Direba bai kira kowa ba. Sai ya ji an ja kujera a gefensa. Inna ce, da murfin kwali a hannu, ta zauna tana yi wa cikin kwamfutar fifita. Rabonta da ɗakin tun rasuwar Auta. Ta daɗe ba ta kalli allo ba, da ta kalla sai ta tambaya wace ce mai ƙatuwar jakar nan. Ya ce ita ce. Ta ce yarinyar ta ƙara mata ƙiba, kuma ita ba ta taɓa sa kore ba a rayuwarta. Ba ta tambayi 'yar siririyar ba. Ta gane ta.

Suka hau wani tudu, sai ga ƙofar. Baƙa ce, doguwa, babu ado. Su huɗu suka tsaya a gabanta, hoton kowa da launinsa. Ya taɓa ƙofar. Maimakon ta buɗe, sai rubutu ya fito da amsa biyu a ƙasansa, rubutun da bai taɓa gani ba. Ya kira Yaya a waya ya karanta masa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya ce wasan yana cewa daga nan babu komawa, don haka dole ya ajiye tafiyar kafin ya buɗe, in an ce a'a ƙofar tana nan a rufe. Ya ce masu ƙirar don taimako suka yi haka. Ya ce Baba ya yi yadda ya ga ya fi. Tsohon Direba ya kashe wayar.

Ya cire hannu daga linzami. Batir ya fara kuka, alamar ƙarfinsa na raguwa. In ya ce a'a, ranar Auta tana nan a kusurwarta, amma kwamfutar ba za ta sake kawo su nan ba. In ya ce i, ƙofar za ta buɗe, ranar ta tafi. Inna tana fifita, ta sauya hannu, ta sake sauyawa. A allo jarumi ya yi gyaran murya. 'Yar siririyar ta yi hamma ta faɗi maganarta.

Inna ta ce, "Malam, yarinyar nan ta gaji da tsayuwa a masaukin nan naka. Ka bar ta ta wuce."

Ya danna i.

Wani layi ya fito yana cika daga hagu, a hankali, alamar ana ajiye tafiyar. Marigayiya ta yi gurr-gurr irin nata na tunani. Layin ya kai wajen rabi ya tsaya. Ƙas. Ƙas. Ƙas-ƙas-ƙas. Fankarta ta ja dogon numfashi ta sassauta har ana ganin fukafukanta ɗaya-ɗaya. Hoton ya tsuke ya koma ɗigon haske a tsakiyar allo, ɗigon ya ɗan jima, ya tafi. Batir bai ƙare ba, fitilarsa tana ci. Ita ce ta tafi. Inna ta ci gaba da fifita na wani lokaci kafin ya riƙe mata hannu.

Washegari mai gyara ya zo ya gwada duk abin da ya sani. Ba ta ce ɗiit ba.

Ta rasu ta bar allo, lafiyarsa ƙalau, ba shi dai da abin nunawa. Ta bar madannai, waɗanda baƙaƙen wasunsu suka goge, rabi da yatsun Auta, rabi da na ubanta. Ta bar linzami da batir da faifai biyu. Na ukun yana cikinta, kuma ba za a fasa ta don a ciro shi ba. Ta bar Tsohon Direba da Inna da Yaya. Ta tafi da mutum huɗu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a gida. Za a goge ta da tsumma mai tsabta, a mayar da murfin gefenta a ɗaure sukurorinsa duka, a naɗe ta a tamfol. Tsohon Direba zai ɗaure ta da hannunsa, ɗaurin lodin doguwar tafiya. Za a ɗora ta a kan kabad a ɗakin da ta zauna. Masu sayen tsohon ƙarfe kada su wahalar da ƙafafunsu. Waɗanda suka fara maganar kawo sabuwa, an gode, a bari. Yaya ya ce ƙarshen wasan yana nan a waya, wani ya ɗauka ya saka, ana iya kallonsa a tsaye. An hana shi. Duk wanda ya san abin da ke bayan ƙofar nan ya zo, za a ba shi kujera, amma ya riƙe bakinsa.

Ba za a buɗe cikin gawa ba. Mai gyara ya ce akwai masu buɗe rumbu su karanta abin da ya rage, kuma ɗaya daga abu uku za a tarar. Ko dai sabuwar ajiyar ta shiga, ko tsohuwar tana nan ba a taɓa ta ba. Zai faɗi na uku, Tsohon Direba ya ɗaga masa hannu. Biyun sun isa. In tsohuwar ce, suna masauki a gefen gada. In sabuwar ce, suna kan tudu a bakin ƙofa. Ko ina suke, su huɗu ne, a tsaye, babu wanda ya faɗi. Haka za a naɗe su.

Za a karɓi gaisuwa har azahar. Allah ya ba kowa haƙurin abin da ya rasa.